Wa ke da ƙasar Ikko? Labarin shari'ar filin Apapa

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da ya taɓa sauka Ikko neman kaya ya san Apapa, da tasharta ta jiragen ruwa, da jerin manyan motocin da kan kwana a bakin ƙofarta suna jiran lodi. Hanyar tsohuwa ce. Gyaɗar da manoman Tasawa da Magarya da Matamai suka noma a shekarun 1930 da 1940 ta Najeriya take fita: jirgin ƙasa ya ɗauke ta daga Kano ya sauke ta a Ikko, daga nan ta shiga jirgin ruwa zuwa Turai. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a kan wani yanki na ƙasar Apapa ɗin nan an yi shekara takwas ana tafka shari'a, daga 1913 zuwa 1921, tun daga kotun Ikko har birnin Landan. Filin da ake jayayya a kansa kimanin hekta 100 ne. Amma tambayar da aka aza gaban alƙalai ta shafi garin baki ɗaya: wa ke da ƙasar Ikko? Sarkin Ingila ne, wanda ke riƙe da takardar da aka ce an ba shi garin da ita? Ko sarakunan gargajiya? Ko kuwa jama'ar da ke noma da kamun kifi a wurin tun kaka da kakanni?

Mai karatu da ya taɓa sayen fili a bayan gari, ya biya kuɗi, ya karɓi takarda, sannan wata rana ya iske magada tsaye a kan filin suna cewa gonar kakansu ce, zai gane wannan tambaya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu kawo labarin shari'ar daga tushe, mu ga abin da alƙalai suka yanke, da abin da hukuncin ya haifar, kana mu dawo gida mu duba namu filayen.

Takardar 1861

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi ma Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka maida Akitoye bisa gadon sarauta. Akitoye ya rasu a 1853, ɗansa Dosunmu ya gaje shi. Ranar 6 ga Agusta 1861, da jirgin yaƙi tsaye a gaban gari, Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa ma Sarauniyar Ingila tashar Ikko da tsibirinta da yankunan da ke haɗe da su. Daga baya aka yanka masa buhu 1,200 na wuri duk shekara.

Tun a lokacin aka samu waɗanda suka ce ba su yarda ba. A al'adar Ikko, sarki, wanda ake kira Eleko, mulkin mutane ke hannunsa. Ƙasa kuwa tana hannun waɗansu sarakuna da ake ce ma Idejo, masu farar hula. Tarihin baka na garin ya ce wani shugaba mai suna Olofin ne ya rarraba tsibirin da gaɓar da ke kewaye da shi tsakanin magabatan waɗannan sarakuna, tun kafin a kafa gidan Eleko, wanda asalinsa ke da nasaba da masarautar Bini ta kudancin Najeriya. Saboda haka Idejo suka ce Dosunmu ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Turawa suka kwantar musu da hankali, suka ce mulki suka karɓa, ba su da niyyar taɓa dukiyar kowa. Kowa ya koma gida da tasa fahimta.

Haka maganar ta kwanta shekara hamsin ba a warware ta ba. Cikin wannan lokaci gwamnonin Ikko suka yi ta ba mutane takardun mallakar filaye da sunan sarautar Ingila. Ƴan kasuwa suka rungumi takardun hannu biyu-biyu, domin da su ake jingina a karɓi kaya bashi wurin kamfanonin Turawa. Sai dai takarda guda ce ake yi ma fassara biyu. A wurin gwamnati, shaida ce cewa ƙasar tata ce, ita ke ba wanda ta ga dama. A wurin Idejo da dangogin gari, rubutu ne kurum na abin da mutum ya riga ya mallaka ta hanyar al'ada.

Muddin ƙasa ba ta da tsada, ba wanda ya matsa a tantance. Amma a 1896 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, a 1911 ta isa Kano, aka kuma shiga aikin gyaran mashigar teku don manyan jirage su samu shiga. Gaɓar da a da masunta ke shanya taru a kanta ta zama abin nema. Da ƙasa ta yi daraja, sai tsohuwar tambaya ta farka.

Fam 500

A watan Nuwamba na 1913 gwamnati ta ba da sanarwar karɓe fili a Apapa don aikin jama'a. Ta dogara da wata doka ta 1903, wadda ta ce idan gwamnati na buƙatar filin da yake mallakar wata al'umma ne, shugaban al'ummar na iya sayar mata da shi ɗungurungum, a biya diyya, shi kuma ya raba kuɗin tsakanin jama'arsa ko ya yi musu aiki da su, a ƙarƙashin sa-idon hukuma. Dokar ta ƙara da cewa filin da ba kowa a kansa ba shi da diyya, sai an nuna cewa an more shi aƙalla wata shida cikin shekaru goma da suka gabata.

Ƙasar Apapa tana ƙarƙashin gidan Oluwa, ɗaya daga cikin gidajen Idejo. Mai riƙe da sarautar a lokacin shi ne Amodu Tijani, wato Ahmadu Tijjani a bakinmu. Gwamnati ta yi masa tayin fam 500. Hujjarta ita ce tun 1861 ƙasar ta zama ta sarautar Ingila. Abin da ya rage ma Oluwa shi ne ikon kula da masu zama a wurin da ɗan abin gaisuwa da suke kai masa duk shekara, don haka wannan ɗan abin kaɗai za a ƙiyasta a biya shi. Oluwa ya ƙi. Ya ce ƙasar ta gidansa ce da jama'arsa, in za a karɓa sai a biya cikakken kuɗinta.

Magana ta je kotu. A 1915 babban alƙalin Najeriya, Edwin Speed, ya ba gwamnati gaskiya: ya ce abin da Oluwa ke da shi iko ne irin na ubangida, na lura da rabon filaye da karɓar gaisuwa, bai kai mallaka ba. Oluwa ya ɗaukaka ƙara, a farkon 1918 cikakkiyar kotun ta tabbatar da hukuncin farko.

A nan ne mutanen Ikko suka ga inda aka nufa. Idan har sarki ba shi da mallaka, kuma talakan da ke noma filin shi ma ba shi da ita tunda aro aka ce yana ci, to ƙasar ta zama ba ta kowa ba sai gwamnati. Yau Apapa ce, gobe kowace unguwa ana iya karɓe ta da kuɗin goro. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Sauran Idejo da manyan gari suka ɗauki shari'ar tamkar tasu.

Tafiya Landan

Ƙofa ɗaya ta rage. A zamanin, kotun Allah-ya-isa ta dukan ƙasashen da Ingila ke mulka ita ce kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila da ke zama a Landan. Can ake kai ƙara daga Indiya da Kanada da Afirka. A 1920 Oluwa ya shiga jirgin ruwa da kansa, tare da Herbert Macaulay a matsayin magatakarda da tafinta.

Zaɓen Macaulay ba na banza ba ne. Jikan limamin Kirista Samuel Ajayi Crowther ne, ya koyi aikin injiniya da awon ƙasa a Ingila, ya kuma yi ma gwamnatin Ikko aikin awon filaye kafin ya ajiye aikin a 1898. Ya san takardun filayen garin ciki da bai, ya san yadda aka yi su da abin da aka faɗa ma mutane sa'ad da ake ba su. Shi ne daga baya ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya a 1923, kuma hotonsa ne aka daɗe ana gani a jikin naira ɗaya.

Tafiyar ta jawo wata rigimar ta daban. Eleko na lokacin, Eshugbayi, ya ba su sandar sarautar gidansa su riƙe a Landan, alamar cewa yana bayansu. Macaulay kuma ya yi hira da jaridar Daily Mail, ya koka da ɗan albashin da ake ba Eleko, alhali kakanninsa ne aka ce sun ba Ingila garin. Gwamna Hugh Clifford ya fusata, ya nemi Eleko ya sa a yi shela a gari ana ƙaryata Macaulay. Eleko ya ƙi yin shelar. Aka tsaida albashinsa, aka janye amincewar gwamnati da shi, a 1925 aka kore shi zuwa Oyo. Sai a 1931 ya dawo gida, bayan tasa doguwar shari'ar a wannan kotu ta Landan. Wannan ke nuna cewa gwamnati ba ta ɗauki maganar Apapa a matsayin ƙaramar gardamar kuɗi ba.

Kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa za a yi nasara. A 1918 wannan kotun ce ta duba maganar ƙasar Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, ta ce filayen da Ndebele suka rasa bayan an ci su da yaƙi sun zama na sarautar Ingila, har ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta cewa akwai ƙabilun da tsarin zamansu bai kai a daidaita haƙƙoƙinsu da dokokin masu wayewa ba. Gaban irin waɗannan alƙalai Oluwa ya kai kukansa.

Hukuncin 11 ga Yuli 1921

Lord Haldane, tsohon shugaban alƙalan Ingila, shi ya karanta hukuncin. Ya fara da jan kunnen alƙalai ƴan'uwansa. Ya ce akwai wata ɗabi'a, wani lokaci ba da sani ba, ta auna haƙƙin ƙasa na waɗansu al'ummomi da ma'aunin dokar Ingila, a ga bai yi kama da abin da aka saba ba, sai a ce babu shi. Ya ce dole a taka ma wannan ɗabi'a birki, a riƙa bin tarihin kowace al'umma da al'adunta kafin a yanke hukunci.

Daga nan ya koma kan takardar 1861. Ya yarda cewa ta ba sarautar Ingila mulki da tushen iko a kan ƙasar. Amma ya ce sauyin mai mulki kaɗai ba ya rushe haƙƙin waɗanda ke riƙe da filayensu, kuma babu abin da ke nuna an yi nufin rushe shi a Ikko. Haƙƙin da al'umma ke da shi na zama da morar ƙasarta, in ji shi, yana iya cika har ya zama abin da ya rage ma mai mulki bai wuce ɗan ikon gudanarwa ba.

Game da takardun mallaka da gwamnoni suka yi ta bayarwa kuwa, ya ce an ƙirƙiro su ne don sauƙaƙa saye da sayarwa da rubuta ciniki. Ba a yi su don su sauya ainihin mai abu ba. Wanda ke da fili kafin takarda, shi ke da shi bayanta.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi shafar Oluwa kansa. Kotun ta dogara da wani rahoto da alƙali Rayner ya rubuta a 1898 kan al'adun mallakar ƙasa a Afirka ta Yamma, inda ya ce ƙasa ta al'umma ce ko ta gari ko ta dangi, shugaba kuwa amana yake riƙe da ita. Saboda haka aka ce a biya diyya ta cikakkiyar mallaka, amma Oluwa zai karɓa ne a madadin jama'arsa, a raba musu yadda dokar 1903 ta tanada. Aka maida shari'ar Ikko don a ƙiyasta kuɗin. A ƙarshe aka biya fam 22,500, ninki 45 na tayin farko. Oluwa ya dawo gida aka tarbe shi da kiɗi da waƙa, aikin tashar Apapa kuma ya ci gaba, aka gama matsayar jiragen farko a 1926.

Wuƙa mai kaifi biyu

Ana yawan ba da labarin nan a matsayin nasarar basarake a kan Nasara. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Hukuncin ya hana gwamnati cewa ƙasar da ba ta da takarda ba ta da mai ita. Ya kuma hana basarake cewa ƙasar da yake kula da ita tasa ce shi kaɗai. Wanda ya riƙe kashin farko ya manta na biyu, bai fahimci abin da aka yanke ba.

Masana tarihi sun nuna kuma cewa rahoton Rayner ya wuce gona da iri. A lokacin da ya rubuta shi, mutanen Ikko sun daɗe suna sayar da filaye da gidaje a matsayin dukiyar mutum ɗaya, kamar yadda saye da jingina da aron gona tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Hausa. Da kotu ta ɗaukaka mallakar dangi, sai aka samu wata matsalar: fili ba ya sayuwa sai da yardar shugaban dangi da manyan gida, kuma dangi kullum ƙaruwa yake. Wani reshe ya sayar, wani reshe ya ce ba da saninsa ba. Har yau mai gini a Ikko yana fama da waɗanda ake kira «omo onile», wato ƴaƴan masu ƙasa, masu tare mutum su ce sai ya sake biya kafin ya aza tubali. Sai da jihar ta yi dokar hukunta masu ƙwacen filaye a 2016.

Ita kuwa gwamnati, abin da ta rasa a kotu ta same shi ta hanyar doka. Arewacin Najeriya dama hukuncin bai sauya masa komi ba: a can Lugard ya shelanta a Sakkwato tun 1903 cewa ikon da sarakunan Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila da yaƙi, dokar 1910 kuma ta sa dukan filaye a ƙarƙashin gwamna. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a ƙasar baki ɗaya. Filayen kowace jiha suka koma amana a hannun gwamnanta, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, kuma in an karɓe fili don aikin jama'a, gini da shuka da aikin da aka yi a kansa ake biya.

Duk da haka hukuncin bai mutu ba. A 1973 alƙalan kotun ƙolin Kanada sun kafa hujja da shi a shari'ar Calder, kan filayen al'ummar Nisga'a. A watan Yuni na 1992 babbar kotun Ostareliya ta yi haka a shari'ar Mabo, inda ta yi watsi da tsohuwar da'awar cewa Turawa sun iske ƙasar ba ta da mai ita. Ƙarar da wani basaraken Ikko ya kai kan hekta 100 ta zama madogara ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Apapa ba.

Mu dawo gida

A ɓangaren da Faransa ta mulka, an bi wata hanyar zuwa wuri guda. Dokar 1904 ta ce duk filin da ba kowa a kansa kuma ba shi da mai shi na gwamnati ne, alhali saura da makiyaya da dajin da ake itace a cikinsa duk suna da masu su a idon mutanen gari. Dokar 26 ga Yuli 1932 ta tsara rajistar filaye da takardar da muke kira «titir fonsiye». Sai a 1955 Faransa ta sassauta, ta amince da haƙƙin gargajiya a rubuce. Bayan ƴancin kai, gwamnatin Jori Hamani ta yi dokokin rage ikon sarakuna a kan gonaki, ta kuma yi dokar 1961 ta karɓe fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya. A watan Disamba na 1974 Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta wanda ke noma ta ce, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya bar mutane biyu ko uku da ke ganin su ke da gaskiya a kan gona guda: jikan wanda ya sare daji, da jikan wanda aka ba aro, da hukuma.

Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993 ya zo da amsar da ta yi kama da ta Haldane. Ya ce haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya ce. Ya yarda da mallakar da aka gada, wadda jama'ar gari suka shaida tun da daɗewa, da wadda hukumar gargajiya ta ba mutum har abada. Ya kafa hukumomin kula da filaye da aka sani da COFO, waɗanda aka fara gwada su a Mirya da Maine-Sorowa a 1994, kafin su bazu zuwa jihohi da gundumomi da ƙauyuka. Ta hanyarsu ake samun takardun shaidar gado da saye da kyauta da aro da haya da jingina. Idan rigima ta tashi kan gona, sai an fara neman sulhu a gaban sarki, a rubuta sakamakon, kafin a je gaban alƙali, wanda ke zama tare da masana al'adar masu ƙarar.

Amma akwai bambanci guda da ya kamata kowa ya riƙe. Takardun gwamnonin Ikko, kotu ta ce ba su sauya mai abu. «Titir fonsiye» kuwa, idan an bi ƙa'idarta, an yi sanarwa, an kafa duwatsun iyaka, wa'adin ƙorafi ya wuce ba wanda ya yi magana, to ta zama yankakkiya. Wanda aka zalunta da ha'inci yana iya neman diyya wurin wanda ya cuce shi, amma filin ya tafi. Don haka magajin da ya ga masu awo a gonar gidansu ya yi shiru, yana cewa ai kowa ya san tamu ce, ya yi sake. Takardar fili ta meri kuma, wadda mafi yawanmu ke riƙe da ita a akwati, ba ta kai wannan matsayi ba. Mataki ce a kan hanya, ƙarfinta kuma ya dogara da yadda aka yi lotisma tun farko.

A nan ne rigingimun biranenmu suke. Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa duk a kan gonakin ƙauyukan kewaye suke faɗaɗa. Hukumar gari ta yanka gonaki, ta ba masu su wani kaso na filayen a madadin diyya, ta sayar da sauran. Ma'aikata da yawa ba su manta ba cewa a farkon shekarun 2000 da filaye aka biya su wani ɓangare na bashin albashi. Idan wanda ya sa hannu a madadin dangi bai shawarci kowa ba, ko ya karɓi kason ya sayar ya ci shi kaɗai, to rigimar tana nan kwance ƙarƙashin kowane gida da aka gina a wurin, kamar yadda ta Ikko ta kwanta daga 1861 zuwa 1913. Ranar da hanya ta biyo ta unguwar ko aka kafa kasuwa kusa, za ta tashi.

Saboda haka mai niyyar sayen fili, kafin ya tambayi kuɗinsa, ya tambayi asalinsa. Gonar wa ce kafin a yanka ta? Wa ya sa hannu, kuma da yawun wa? An raba gadon, ko har yanzu na gandu ne? Mata da ƴan'uwan da ke ci-rani sun san da cinikin? Ya taka da ƙafarsa ya gaida maƙwabtan filin da mai unguwa, ya duba rajistar meri ko ta COFO ya ga ko lambar filin ba ta fita da sunan wani ba. In ya saya, kada ya tsaya a takardar farko. Tun 2006 an sauƙaƙa hanyar samun cikakkiyar takarda da ake kira «Sheda». Dangin da ke da gonaki a bakin gari su ma su rubuta abinsu tun dattawan da suka san iyakoki suna raye, domin shaidar jama'a da doka ta yarda da ita tana tafiya kabari tare da masu ita.

Ga sarakunanmu da shugabannin dangi kuwa, darasin Oluwa a fili yake: ya ci shari'arsa ne a matsayin mai riƙon amana, kuɗin da aka biya kuma na jama'arsa ne. Ga hukumomin garuruwa, fam 500 da aka so a biya ya koma 22,500 bayan shekara takwas na ɓata lokaci da ɓacin rai. Da an zauna da masu ƙasa tun farko, da an huta. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.